Nauyin Maɗaci

Tsohon kafinta ya wargaza kabad ɗin marigayiyar matarsa, ya yi wa motar ɗansa gado da durowoyi da katakon. Bai yi shawara da kowa ba.

Autansa ya yi shekara goma sha biyu yana tuƙa ma'aikatan wata ƙungiyar agaji, yana kai su inda kwalta ta ƙare. Da ƙungiyar ta tashi sayar da tsofaffin motocinta, sai ya sayi ɗaya, doguwa, fara, mai rufaffen baya, irin wadda tayoyinta huɗu duk suke ja, ta shiga yashi ta fita, ta shiga laka ta fita. Ranar da ya kawo ta sai da aka cire ƙyauren gida ɗaya kafin ta shiga. Ta tsaya tsakanin rumfar aikin tsohon da igiyar shanya, ta cinye tsakar gidan kaf.

"Haya za ka yi da ita?" tsohon ya tambaya.

"A'a, Baba. Gida zan mayar da ita."

"Wannan da kake tsaye a ciki fa, kango ne?"

Auta ya yi 'yar dariyar da yake yi tun yana yaro in ya san maganar da ke bakinsa ba za ta yi daɗi ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya shiga nuna wurare a cikin ƙarfen da babu komai. Nan gado. Nan wurin girki. Ƙarƙashi tankunan ruwa biyu, can sama farantin sola. Nan da wata biyu zai ajiye aiki. Shi da matarsa da 'yarsu za su kama hanya, su bi hanyoyin da ya yi shekaru yana bi da baƙi a bayansa, su wuce inda ya saba juyowa, har su ga teku. Shekara biyu, in ji shi. Wataƙila uku.

Tsohon yana da shekara saba'in da shida, kuma likita ya riga ya gaya masa gaskiya a kan zuciyarsa. Bai yi boko mai nisa ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfinsa ba. Da wuya ya ga ƙarshen shekara ukun.

"Wa ya kore ka?"

"Ba wanda ya kore ni."

"Mutum yana barin gida ba a kore shi ba?"

"Baba, kullum labari nake kawo musu. Ina so su gani da idonsu."

Matar Auta, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, tana tsaye nesa kaɗan, hannunta a kan kafaɗar 'yarta. Ta ce a hankali akwai wani shago a bakin babbar hanya, masu haɗa cikin irin waɗannan motoci da alminiyam da filawud, aikin mako uku ne.

Tsohon ya juyo ya dube ta, sannan ya dubi ɗansa.

"Ina raye za a kai aikin katakon gidan nan wani shago?"

Maganar shago ba ta sake tashi ba. Tafiyar dai ba zai iya hana ta ba, bin su kuma ba zai yi ba. Abin da ya rage masa shi ne aikin hannunsa ya bi su. Duk dajin da suka kwana, a kan abin da ya sassaƙa za su kwana. Wannan ya riƙe, bai gaya wa kowa ba.

Washegari Auta zai fita tafiyarsa ta ƙarshe da mutanen ƙungiya, ta mako bakwai. Ya sauke filawud guda takwas a rumfa, ya yi sallama. Malama ta durƙusa ta miƙa wa surukinta takardu huɗu. Ta yi makonni tana zana su: gado, kabad, teburin girki, gadon yarinya, kowanne da lambobinsa.

"Baba, waɗannan lambobin na gefe, su ne..."

"Na gani."

"Da ma so nake in ce..."

"'Yata, na ce na gani."

Ta miƙe ta bar maganar. Ba a yi mata tarbiyyar ja da suruki ba.

Da ta tafi makaranta ya buɗe takardun, ya riƙe su nesa da ido. A gefen babban gado an rubuta talatin, da wasu ƙananan baƙaƙe biyu a gaba. Gadon mutum biyu, inci talatin? A gefen kabad, ashirin da biyar. A gefen gadon yarinya, goma sha biyu, ko kyanwa ba za ta miƙe a kai ba. Ya girgiza kai. Malama ta san alli, ba ta san awo ba. Don kada ya kunyata ta, bai ce mata komai ba. Ya ninke takardun, ya danne su da gwangwanin gam. Shekara hamsin da biyar yana aiki, bai taɓa jiran takarda ta gaya masa abin da zai tsaya a jikin bango ba.

Ya ɗaga filawud ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya lanƙwasa shi da gwiwa. Kwali. Ya jingine su duka a bayan rumfa. Ya tafi kasuwar katako, ya zaga layi uku, yana kartar falanki da farce yana sansanawa. Duk ɗanye ne, an sare jiya an yanka yau. Kafin a shekara zai murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa, a ce wane ne ya yi aikin.

Ya dawo gida ya buɗe ɗakin matarsa.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. An raba kayan sawarta tuni, an fitar da gado, amma kabad ɗin na nan inda yake, don babu mai iya ɗaga shi. Shi ya yi shi da hannunsa shekarar da suka yi aure, da jan maɗaci, ƙofa uku, madubi a ta tsakiya. Ƙarti huɗu suka shigo da shi, suna nishi suna zaginsa a ciki-ciki. Ya buɗe ƙofar tsakiya. Babu komai sai mataji mai karyayyen haƙori a lungu, da ƙamshin turarenta da ya kama katakon ya ƙi fita. Ya tsaya a nan har ƙafarsa ta fara sanyi. Sannan ya sa matajin a aljihu, ya je ya ɗauko gudumar katako.

Kwana uku yana kwance shi. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, harshe ne da rami, kowane katako an zura shi cikin ɗan'uwansa, don haka a hankali ya riƙa bugawa, suna rabuwa kamar da yardarsu. Bai fasa ko falanki ɗaya ba. Madubin ya naɗe a tsohon bargo ya tura ƙarƙashin gadonsa. Ya kulle ɗakin. Ya rataya tamfol daga rumfa zuwa igiyar shanya, ya ce kada wanda ya leƙa sai an gama.

Mutum ɗaya ne bai ji wannan doka ba, mai walda na maƙwabta, abokinsa na shekara arba'in, wanda Auta ya bar wa aikin ɗaure tankuna da ƙarfen saman mota. Kullum da hantsi sai ya ɗaga tamfol ya shigo, baƙin gilashinsa a goshi, kofin shayi a hannu.

"Kafinta, mota ce wannan ko ɗakin amarya kake jerawa?"

"Ka gama liƙe-liƙenka ka fita."

"Wannan katako in ya faɗo wa mutum, ai sai dai a yi masa addu'a. Ina na kantin da yaron ya kawo?"

"Kwali ne. In kana so ka ɗauka ka rufe kajinka."

Mai walda ya shafa falankin, ya kai hanci, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ci abinci a gidan nan fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Ya san ƙamshin. Ya sauke gilashin a kan idonsa ko da yake ba walda yake yi ba, ya ce shayin nan ya huce, ya fita.

Tsohon ya yi aikin yadda ake yin ɗaki. Kaya a jikin bango ɗaya, a bar wa mutum fili ya wuce. Ƙofar shiga tana dama, don haka komai ya tafi hagu: kabad tun daga ƙasa har rufi, teburin girki, durowoyi tara, gadon yarinya a sama, babban gado a baya da akwatin ajiya a ƙarƙashinsa. Jikin motar ba a miƙe yake ba, ya yi ciki kamar tulu, sai da ya riƙa sassaƙa kowane katako yana gwadawa yana saukewa, wani har sau shida. Gwiwarsa ta kumbura da hawa da sauka. Wani lokaci numfashi ya kan tsaya masa a wuya, ya zauna a bakin ƙofar motar, zarto a cinya, har abin ya wuce.

Durowoyin su ne abin alfaharinsa. Duk wanda ya taɓa sayen aikinsa ya san da haka: durowarsa da yatsa ɗaya ake ja. Yana goge gefen da samfefa har ya yi santsi kamar tafin jariri, ya shafa kyandir, ya gwada, ya sake gogewa. Ba ya sa musu sakata. Sakata ta wanda bai iya aiki ba ce, wanda durowarsa ke buɗe kanta saboda ta karkace.

A mako na biyar mai walda ya tsaya a bayan motar ya runtse ido ɗaya.

"Mutumina, motar nan ta fara ɗingishi. Ta kwanta hagu."

"Ƙasar ce ba daidai ba."

"Ƙasar da ka yi shekara arba'in kana gwada ƙafar teburi a kanta?"

"Hasken walda ya cinye maka ido, ba tun yau ba."

Jikarsa kaɗai ya kira da kansa, ranar da zai yanka katakon gadonta. Shekararta bakwai, sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Uwargida. Ya sa ta kwanta a kan falanki, ya ja layi da fensir a saitin kanta da diddigenta, sannan ya ƙara taƙi biyu.

"Ya yi min tsawo, Kaka."

"Za ki cika shi."

"Yaushe?"

"Kafin ki dawo."

"In na dawo ba zan aure ka ba fa. Haƙoranka sun zube."

"Da ma wa ya ce yana son ki? Ko ruwan zafi ba ki iya dafawa ba. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tafi tana dariya. Ya daɗe yana duban taƙi biyun nan kafin ya ɗora zarto.

Auta ya dawo ranar wata Laraba, ya rame, ya yi baƙi. Tsohon ya sa aka sauke tamfol, ya koma gefe ya harɗe hannu a baya. Auta ya buɗe ƙofar, ya tsaya. Jan katako yana sheƙi daga ƙasa har sama, babu kan ƙusa, babu tsaga. Ya sa yatsa ɗaya ya ja durowa, ta biyo shi ba ƙara. Ya mayar, ya sake ja.

"Baba, ko a otal ban ga irin wannan ba."

"Otal na da kafinta?"

Malama ta ce aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara lafiya. Amma tsohon ya ga ta ɗaga murfin akwatin gado da hannu ɗaya ta kasa, sai da ta sa biyu, kuma ya ga yadda ta dubi mijinta. Auta ya kau da kai.

Ranar Asabar aka fita gwaji. Aka cika tankuna biyu, aka ɗora tayoyin safiya biyu na ko-ta-kwana a sama, aka jera tukwane da kwanuka da gwangwanaye a durowa kamar yau ne tafiyar. Tsohon ya sa farar rigarsa, ya zauna gaba kusa da ɗansa. Malama da yarinya suna kujerar baya. Mai walda ya tsaya a ƙofar gida yana yi musu hannu kamar masu tafiya ƙasar waje.

A layin unguwa ba a ji komai ba, sai dai Auta yana riƙe da sitiyari da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Da suka hau babban titi ya ƙara wuta kaɗan. A shataletale na farko motar ta kwanta, ta kwanta, har tsohon ya dafe gilashi. Da Auta ya murɗo ta ya miƙe, sai aka ji ƙara a baya kamar an watsar da kasuwa. Durowoyi tara suka fito a tare. Bakwai suka tsaya a rataye. Biyu suka fito gaba ɗaya, ɗaya cike da gwangwanaye, ta zo ta daki ƙafar yarinya.

Auta ya gangara gefen titi. Yarinya tana kuka, fatar saman ƙafarta ta ɗaye, jini yana bin yatsu. Malama ta ɗaure da ɗankwali, ta matsa ƙashin a hankali, ta ce bai karye ba. Tsohon ya sauko ya zagayo. Ya ɗauki durowar daga ƙasa, ya juya ta. Ko kwarzane ba ta yi ba. Ya mayar da ita raminta, ta shige sumul, da yatsa ɗaya.

"Sakata za a sa musu, Baba," in ji Auta. "Ƙaramin abu ne."

Tsohon ya koma kujerarsa, Auta ya tayar da motar.

"Amma bari mu biya sikeli tunda mun fito."

Sikelin na manyan motoci ne, a bakin wani wurin fasa dutse. Aka hau da motar kan faffaɗan ƙarfe, ma'aikacin ya leƙo ta taga ya sa aka gyara tsayuwa, aka auna gaba, aka auna baya, aka auna kowane gefe. Ya yago 'yar takarda ya miƙo.

"Maigida, me kuka ɗauko, buhunan siminti? Hagunku ta kusa zama a ƙasa."

Auta ya duba takardar, ya duba ƙaramin farantin da ke jikin ƙofar direba inda aka buga iyakar abin da motar za ta ɗauka. Ya yi lissafi da leɓe.

"Nawa?" tsohon ya tambaya.

"Mun wuce da kilo ɗari biyu da goma. Kuma ba mu sa kayan sawa da abinci ba."

"Mota mai shiga laka, kilo ɗari biyu zai gagare ta?"

"A kwalta za ta tafi. A yashi za ta nutse. A gargada sifirin da ke riƙe da taya zai karye, kuma na hagun zai fara."

Malama ta yi magana daga baya, idonta a ƙasa, yarinya a cinyarta.

"Baba, laifina ne, ban yi bayani sosai ba. Lambobin nan na gefe nauyi ne. Kilo. Gado kada ya wuce talatin, kabad ashirin da biyar."

Suka kama hanyar gida. Auta ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da mara lafiya, Malama ta tokare durowoyin da ƙafa da hannu a kowace kwana. Da suka shiga, tsohon ya wuce rumfa kai tsaye, ya ɗaga gwangwanin gam. Takardun sun manne da gindinsa, sai da ya ɓamɓare. Ya fito haske ya riƙe su nesa da ido. Talatin, da ƙananan baƙaƙe biyu. Suna nan tun ranar farko. Ya ninke ya sa a aljihu, inda matajin yake.

Washegari, kafin masu gidan su karya, ya riga ya shiga motar da gudumar katako. Aikin a haɗe yake, kowane katako yana riƙe da na kusa da shi, ba a cire rabi a bar rabi. Ya fara da bayan kabad. Bugun ne ya fito da Auta, da brushi a baki.

"Baba, me kake yi?"

"Abin da kake gani."

"Ka bari mu zauna mu yi magana."

"Sikeli ya yi magana. Ka kai motar shagon nan na bakin hanya. Riƙe nan."

Ya miƙo masa falanki na farko. Auta ya karɓa, nauyin ya ja hannunsa ƙasa, ya juya shi don ya jingine. Gefen da ke fuskantar jikin mota ba a goge shi ba. A ƙasansa akwai baƙin tabo na ƙuna, faɗin tafin hannu, ya yi sama kamar harshe.

Auta ya cire brushin daga baki. Ya sa yatsa a tabon. Ya ajiye falankin, ya tafi ƙofar ɗakin uwarsa, ya tarar a kulle, ya zagaya ya leƙa ta taga. Babu komai sai bango, da wani babban fili mai kusurwa huɗu inda fenti bai koɗe ba. Ya daɗe a wurin. Da ya dawo, idonsa ya yi ja.

"Kabad ɗin Inna ne."

"Katako ne."

"Ni na ƙona wurin nan. Ina aji biyu. Na shiga ciki na rufe, na kunna kyandir, wai ina cikin jirgi."

"Ta ce min kaskon turarenta ne."

"Ka yarda?"

"Kasko ba ya zubar da kakin kyandir."

Auta ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya zauna a bakin ƙofar motar ya rufe fuska da hannu. Malama ta fito da tiren shayi, yarinya tana bin ta tana ɗingisa ƙafar da aka naɗe. Ta dubi falankin, ta dubi mijinta, ta ajiye tiren a kan bencin aiki ba ta zuba wa kowa ba. Mai walda ma ya ji bugu ya shigo, ya tsaya a bakin rumfa, yau babu zolaya a bakinsa.

Auta ya share fuska da gefen riga, ya miƙe.

"Ba za a cire ba. Baba, mayar da shi."

"Ka ji abin da sikeli ya ce."

"Na ji. Akwai hanya. Tanki na biyu lita ɗari da ashirin ne, kilo ɗari da ashirin ke nan, ban da ƙarfensa. A cire shi. Tayar safiya ɗaya ta isa, a sauke ɗayar. Batura da tukunyar gas a mayar da su dama, motar ta miƙe. Durowa a sa sakata." Ya juya ga mai walda. "Kawu, zai yiwu?"

Mai walda ya sosa ƙeya. "Yiwuwa kam zai yiwu. Kafin la'asar na kwance tankin."

"Ka ji. Da shi za mu tafi, Baba. A kansa za mu kwana. Ba zan bar kabad ɗin Inna a jingine a bayan rumfa gara ta ci ba, in je in kwanta a kan kwali."

Tsohon yana tsaye a cikin motar, kansa a sunkuye saboda rufi, guduma a hannu. Abin da ya yi mako bakwai yana nema ke nan, ga shi an miƙo masa, ba tare da ya roƙa ba. Falanki ɗaya kawai ya fita. Bugu uku zai mayar da shi. Ya dubi gadon da ke sama, mai ƙarin taƙi biyu. Ya ga motar a wani fili da bai taɓa gani ba, ƙofa a buɗe, jan katako yana ɗaukar hasken yamma, baƙi suna leƙowa suna tambayar wane ne ya yi wannan aiki. Hannunsa har ya fara miƙewa wajen falankin.

Sai ya lura Malama ba ta ce komai ba. Ba ta dubi mijinta ba, ba ta dubi katakon ba. Ƙarƙashin motar take kallo, inda tanki na biyu yake ɗaure, kuma ta jawo 'yarta jikinta. Ya san ba za ta yi magana ba. Sau ɗaya ta gwada, ya katse ta.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Hanyar nan taku. Ina ne ya fi nisa babu rijiya, babu famfo?"

"Akwai wani yanki bayan duwatsu."

"Kwana nawa?"

"Huɗu. Biyar in iska ta rufe sawu."

"Tanki ɗaya kwana nawa yake yi wa mutum uku?"

"In an yi tattali, shida."

"In taya biyu suka fashe fa? In mota ta nutse, kuka kwana uku kuna haƙa?"

"Ba kullum ake samun haka ba."

"Ka taɓa samu?"

Auta ya dubi ƙasa.

"Na ce ka taɓa samu?"

"Sau biyu."

"Me ya fitar da ku?"

Idon Auta ya sauka a kan tanki na biyu. Mai walda ya sauke gilashinsa a kan ido.

Tsohon ya juya musu baya. Ya dafa katako na biyu, ya lalubo inda harshe ya shiga rami, ya saita guduma.

"Baba, don Allah," in ji Auta. "Zan ƙara jarka biyu a gaba. Zan bi ta doguwar hanya inda akwai garuruwa. Ni na san hanyar nan, aikina ne. Abu ɗaya na roƙe ka. Ka bar mana shi."

"A'a," tsohon ya ce. "Ban yarda ba."